MASU BABUR DA ƊAUKAR HOTO: INA IYAKAR ABIN TAKE?

Wani ma'aikacin gwamnati ya rubuto mini daga Zariya, ya ce shi da abokansa sukan hau baburansu ran Asabar su shiga ƙasa, kowa da kyamararsa ko wayarsa, suna ɗaukar hoton duwatsu da gonaki da tsofaffin ganuwoyi, ba don kuɗi ba, don sha'awa kawai. To, wani dattijo a masallacinsu ya ce musu aikin haram suke yi. Shi ne yake neman bayani.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana yadda haske yake shiga ta ƙaramar ƙofa cikin ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kyamara kuwa wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta. Abin da Turawa suka ƙara shi ne dabarar tsayar da surar don kada ta gushe, kamar yadda Daguerre ya fito da ita a Faransa a 1839.

Game da hukunci, hadisai ingantattu sun yi kashedi mai tsanani ga masu yin surori. Amma malaman Malikiyya sun rarrabe. Surar abu mai rai wadda take da jiki da inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku ne, watau irin gunki, ita ce haram. Wadda aka zana a takarda ko a bango, ba ta da inuwa, ba ta wuce karhanci ba. Abin da ba shi da rai kuwa babu laifi a cikinsa, domin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, da wani mai sana'ar zane ya zo masa, ya ba shi shawarar ya riƙa zana itatuwa da makamantansu. Saboda haka wanda ya tsaya da baburinsa ya ɗauki Dutsen Zuma, ko Hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko ruwan Tiga, ban ga abin zargi a kansa ba.

Hoton mutum da dabba shi ne malaman zamani suka yi saɓani a kai. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya yi Muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta littafi yana halatta shi. Hujjarsa ita ce mai kyamara bai ƙaga sura da hannunsa ba, inuwar halittar Allah ce ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Shaihu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya kuwa ya hana, sai don larura irin ta fasfo. Ni dai ra'ayin farko na fi karkata gare shi, amma dattijon masallacin nan yana da magabata a maganarsa, kada a raina shi.

Sai dai abin da ya fi damuna ba wannan saɓanin ba ne. Akwai abubuwa uku da babu malamin da zai yarda da su.

Na ɗaya, ɗaukar hoto ana cikin tafiya. Birkin gaba na babur a hannun dama yake, kuloci a hagu. Duk hannun da ka saki don ka riƙe waya, ka saki rabin ikonka a kan abin hawan. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Duban daƙiƙa uku ga waya, ka wuce mita 50 ba ka ga hanya ba. Rai amana ne, naka da na wanda ke gefen titi. Ka sauka daga kwalta, ka kashe inji, sa'an nan ka ɗauka.

Na biyu, mutuncin mutanen ƙauye. Mace a bakin rijiya ko a rafi ba ta fito don baƙo ya ɗauke ta ya watsa ba. Suratun Nur ta umarce mu da neman izini kafin shiga gidajen mutane, Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirinsu. Ka yi sallama, ka gai da mai gari, ka nemi izini. In an ce a'a, ka mai da kyamararka cikin jaka.

Na uku, kuma shi ne mafi muni, hoton haɗari. Na taɓa tarar da mota ta kife, mutane na kwance cikin jini, samari kuwa sun jingine babura suna ɗauka, babu mai kama wani. Ta haka uwa takan ga gawar ɗanta a wayar maƙwabciya tun kafin a zo mata da ta'aziyya. Mai babur shi ne yakan fara isa wurin, shi ne kuma ya fi kowa saurin kai labari asibiti. Wannan shi ne aikinsa a wannan lokaci.

To, ɗan'uwa mai tambaya, ku ci gaba da yawonku, ku sa hular kwano, kada kuma neman hasken yamma ya sa La'asar ta kuɓuce muku. Allah shi ne mafi sani. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.