RA'AYINMU: Digiri A Hannu, Ƙofar Aiki A Rufe

Akwai wani kuka da muke ta ji daga Sabon Ibadan har zuwa Agege da Idi-Araba. Uba ya yi shekaru yana saye da sayarwar goro ko shanu, ya biya wa ɗansa makaranta, yaro ya fito jami'a da digirin kimiyya, amma duk inda ya kai takardarsa sai a ce masa wanda ya taɓa aikin bincike ake nema. To, wanda ba a ɗauka ba, a ina zai taɓa?

Tambayar tana da amsa, ko da yake ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Ɗalibin kimiyya yana da dama biyu tun kafin ya fara yawon neman aiki. Ta farko ita ce watannin nan na koyon aiki a ma'aikatu, watau shirin SIWES da hukumar ITF ta kawo tun cikin shekarun 1970. Ta biyu kuwa shekarar bautar ƙasa ce, wadda aka soma a 1973. Abin takaici, mu iyaye ne kan ɓarar da su. Sai a nemi wani sananne ya sa wa yaro hannu a littafin koyon aiki, shi kuwa yana zaune a shago yana taya ƙirgen kuɗi. Ran da aka kira shi ganawa aka miƙa masa ma'auni, sai ido ya raina fata.

Ga shi kuwa mu mazauna kudu rijiya tana ƙofar gidanmu. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a 1967, a Ibadan take. A nan garin kuma akwai cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, da ta binciken koko, CRIN, a Idi-Ayunre. A Ikko akwai FIIRO a Oshodi, mai binciken sarrafa abinci da kayan masana'antu, da cibiyar binciken lafiya ta Yaba. Da yawa cikin 'yan'uwanmu ba su san cewa goro yana cikin amfanin gonar da aka ɗora wa CRIN bincikensu ba. Yaron da ya tashi tsakanin huhunan goro, ya san yadda ƙwaro ke shiga da yadda zafi ke ɓata kaya a hanyar Kano, lalle yana da abin faɗi a wurin da ɗan'uwansa na aji bai da shi. Ya rubuta wannan a takardar neman aikinsa, kada ya ji kunya.

Haka nan binciken da ya yi a shekarar ƙarshe ta jami'a, bincike ne. Ya bayyana abin da ya auna, da na'urar da ya riƙe, da abin da ya samu, ya kuma karɓi takardar shaida daga malamin da ya duba shi. Idan aikin da ya samu na ƙaramin mataimaki ne, wanke kwalabe da rubuta lissafin gwaji, ya karɓa. Mai ɗakin gwaji so yake ya ga wanda ke zuwa kan lokaci kuma ba ya ƙarya a lissafi, sauran da koyo akan iya.

Amma koyon nan yana cin kuɗin mota, ɗan abin da ake ba mai koyo kuwa ba ya isa. Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na garuruwan nan da ƙungiyoyin 'yan goro da na mahauta, su ware wani abu daga asusunsu don yaran da suka samu gurbi a waɗannan cibiyoyi, maza da mata, ko da na wata shida ne. Su kuma shugabannin cibiyoyin, muna roƙonsu su riƙa bayyana guraben masu koyo a fili, a kan lokaci, yadda ɗan mai tireda a Sabo zai ji labari kafin a rufe.