Shekara 9 muna jiran ƙarshen labari, aka kai mu yawon kogo

Duk wanda ya karanta labarin Ayla, marainiyar zamanin dutse da Jean Auel ta Amurka ta fara a 1980, ya san daɗin littafin farko. Mu da muke karɓa-karɓar fassarar Faransanci tsakanin Tasawa da Mayahi mun ƙagu mu ga ƙarshe. Na biyar ya fito a 2002, na shida sai 2011. Me muka samu? Daga wannan kogo sai wancan, zanen doki bayan zanen doki, waƙa guda ana ta nanatawa. Ɗanta Durc da ta baro wurin dangin da suka rene ta fa? Har aka rufe ba su sake haɗuwa ba.

Masu kare ta suna cewa ai ta yi bincike. Ni kuwa labari na saya. In zanen dutse nake so, ga raƙuman dawa na Dabous a jihar Agadas.

Marubutanmu masu jan littafi kashi-kashi, da ku nake. Mai karatu ya ba ku kuɗinsa da shekarunsa, alkawari kuwa kaya ne. In zance ya ƙare, ku sauke alƙalami.