Daurama na jiran marubucin da zai ba ta baki

Kusan duk wanda ya yi firamare a Arewa ya san labarin. Baƙo daga Bagadaza ya sauka a Daura da dare, ya nemi ruwa, aka ce masa macijiyar rijiyar Kusugu ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sare kanta, Sarauniya Daurama ta aure shi. Daga nan labari ya koma kan Bawo da 'ya'yansa, ita kuwa mai garin ba a ƙara jin ɗuriyarta.

Marubutan da ke sake saƙa tsoffin labaran Girka sun daɗe suna cin kasuwa a irin wannan shirun. A 1958 Mary Renault ta ɗauki dodon nan mai kan bijimi, ta mayar da shi mutum sanye da abin rufe fuska a littafinta The King Must Die. A 2018 Pat Barker ta ba da labarin yaƙin Troy ta bakin Briseis, matar da aka kama baiwa.

Daura ba ta rasa irin wannan kaya ba. Jerin sarautarta ya lissafa sarauniyoyi tun daga Kufuru kafin a zo kan Daurama. Me mace mai mulki ta lissafa kafin ta yarda da baƙon da bai ko iya yaren garin ba? Ga kuma baiwar da ta haifi Karɓagari, wadda labarin bai kira ta da komai ba sai Bagwariya, aka kuma laƙaba wa zuriyarta "Banza Bakwai". Nufawa da Kabawa da Zamfarawa ba su taɓa jin daɗin wannan suna ba, kuma ƙagaggen labari ne zai iya tambayar wa ya raɗa shi.

Sai dai Troy kufai ne, Daura kuwa gari ne mai sarki, mai Sallar Gani, Kusugu na nan ana shan ruwanta. Masana irin su Abdullahi Smith ma sun yi ja da cewa baƙo ɗaya ya kafa daulolin Hausa. Don haka marubuci ya ƙaga yadda ya so, amma ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙage ne, kuma a kan kowane babi, domin a WhatsApp babi-babi ake turawa, bango ba ya biyo baya.