Yayin Haɗin Launi: Kasuwa Ce Ga Mai Yadi, In Rini Bai Zuba Ba

Duk wanda ke zaune a layin ƴan yadi, ko a Maraɗi ne, ko Ƙonni, ko Jibiya, ko Illela, ya ga yadda ciniki yake sauyawa. A da mace kan zo ta ɗauki turmin atamfa ɗaya, a yi mata riga da zane da ɗankwali duk a cikinsa. Yanzu kuwa da yawa daga cikin ƴan mata da matan aure cewa suke yi a yanko masu yadi uku na shuɗi, biyu na ruwan goro, ɗaya na ruwan ɗorawa, tela ya haɗa su a jikin kaya ɗaya, kowane launi da nasa fili kamar gonakin da suka yi iyaka da juna. Ra'ayinmu shi ne wannan yayi alheri ne ga ƙaramin ɗan kasuwa, amma sai in mun riƙe amana wajen ingancin rini. In ba haka ba, mu da kanmu za mu kashe shi.

Wasu daga cikinmu na kallon abin a matsayin ɗabi'ar Turawa. Gaskiya ne a can aka yi masa suna. A 1965 wani mai tsara tufafi a Faransa, Yves Saint Laurent, ya fito da riguna masu faffaɗan fili na ja da shuɗi da rawaya da fari, an raba su da baƙin layi, yana kwaikwayon zanen Piet Mondrian ɗan ƙasar Holan. A 2011 kamfanin Gucci na Italiya da ire-irensa suka sake tayar da salon, ya bazu a duniya. To amma mai karatu ya tuna da rigar dogaran sarakunanmu, ɓari ja ɓari tsanwa. Ya tuna da kayan doki ranar hawan salla, da titimin dukawa mai jar fata da tsanwa da rawaya. Idon Bahaushe ya daɗe da sanin launi mai ƙarfi kusa da ɗan'uwansa. Abin da ya sauya kawai shi ne yau ya shigo ɗinkin mata da samari.

Ina ribarmu a ciki? Na farko, atamfa tana da yayi. Zanen da ake rububinsa kafin ƙaramar salla, zuwa babbar salla an ce ya tsufa, sai ka karyar da shi. Wanda kaya suka kwana a hannunsa lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ya san zafin buɗe dila ya tarar zamani ya wuce kayansa. Yadi mai launi ɗaya ba ya tsufa haka. Jan bara shi ne jan bana. Na biyu, guntayen da ke saura a ƙarshen bandir, waɗanda muke badawa a wulaƙance, su ne ake nema don hannun riga, da bakin zane, da ɗankwali. Na uku, mai ƙaramin jari da ba ya iya ajiye Holan ko shadda Getzner zai iya jera launi goma sha biyu a rumfarsa, ya fitar da haɗi iri-iri daga cikinsu.

Sai dai ba a sayar da haɗi da ka. Mai saye yakan tambaya, “Alhaji, wanne zai tafi da wannan?” In ba ka da amsa, maƙwabcinka ya samu ciniki. Ƙa'idar ba ta da wuya. Akwai launukan da suke kishiyoyin juna, kowane yana ƙara fito da ɗayan: ja da tsanwa, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Waɗannan na mai son a hango shi daga nesa ne, kamar ranar biki. Akwai kuma ƴan gida ɗaya da ba sa faɗa: ja da ruwan hoda da ruwan goro, ko shuɗi da tsanwa. Waɗannan sun fi kwanciya a ido. Kada a wuce launi uku, kuma a bar ɗaya ya zama uban gida. In yadi shida za a yanka, babban launi ya ɗauki huɗu, na biyu ɗaya da rabi, na uku rabi. Wanda ke jin nauyin launi mai ƙarfi, a raba masa su da baƙi, ko fari, ko ruwan toka. A kuma fito da yadin bakin rumfa a gwada a hasken rana, domin ƙwan lantarki yana ruɗin ido.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Atamfa in ta ɗan zuba, yawan zanenta yakan rufa mata asiri. Rigar da aka haɗa ja da fari ba ta da wurin ɓuya. Wanki ɗaya, jan ya malala cikin farin, kuɗin yadi da kuɗin ɗinki duk sun bi ruwa. Dalili shi ne rini iri-iri ne. Akwai wanda ke kama zaren auduga ya zauna, akwai mai araha da ke kwance a kansa kawai, ko kuma ba a ɗauraye rarar rinin ba tun a masana'anta. Jiƙa shi cikin ruwan gishiri da muke gaya wa mata ba ya ɗaure rinin da bai ɗauru ba tun farko. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi sun fi yawan wannan hali.

Akwai matsala ta biyu da ba a cika faɗa ba. Auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, yadin roba kuwa ba ya motsi. In tela ya haɗa su biyun, bayan wanki sai bakin ɗinki ya tattare, riga ta karkace. Haka kuma launi mai suna ɗaya daga dila biyu ba lalle ya zo daidai ba, abin da ke jawo rigima a kayan anko.

Mun san abin da wasu za su ce: mu ba mu rina ba, yadda muka saro daga Kantin Kwari ko Kwatano haka muke sayarwa, kuma mai saye araha yake nema. Gaskiya ne. Amma matar da rigarta ta lalace ba ta san masana'anta ba, rumfarka ta sani. A gidan biki sunanka za a kira, kuma mata goma za su ji. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ba laifi ba ne sayar da mai araha, laifin shi ne rantsuwa a kan ba ya zuba alhali ba ka gwada ba.

Gwajin kuwa ba ya cin ko dala. Kafin ka biya kuɗin dila, jiƙa farin ƙyalle ka goga a bakin yadin. In ya ɗauki launi, ka san abin da ka saya. Yanki ɗan guntu ka sa a ruwan ɗumi da sabulu ka ga yadda ruwan zai koma. Wanda ya zuba, ware shi, ka gaya wa mai saye kada ya haɗa shi da fari ko mai haske. Ka ba da shawara a wanke kowane yadi daban kafin a kai wa tela, kuma a haɗa auduga da auduga, roba da roba. Kada a bar kan bandir yana shan rana a bakin rumfa har ya koɗe.

Muna kira ga shugabannin ƴan yadi na kasuwanninmu da su zauna da teloli a kan wannan batu, su kuma haɗa baki su riƙa mayar wa manyan diloli duk kayan da ya faɗi gwaji. Dila ɗaya in aka mayar, ba wanda zai ji. In layi guda ya mayar, dole a gyara. Zamani riga ne, kuma wannan rigar ta zo daidai da mu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.