Zauren Iyali: Doki a Ƙauye, Kare a Birni



Da yawa daga cikinmu gida biyu gare mu: na birni, inda aiki da lakwal ɗin yara suka zaunar da mu, da na ƙauye, inda aka binne cibiyarmu. Mu a Damagaram muke kwana, amma gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana wani ƙauye a kan hanyar Magariya. A can ya bar mana littattafansa, da doki aharas, da karen da ke gadin rumbu. Littattafan ba su ba mu wahala ba, akwati biyu suka kwaso su. Sauran biyun kuwa sun koya mana wani babi na fiƙihu wanda muka karanta a zaure ba tare da mun san nauyinsa ba.

Doki ba ya bukatar mai yabonsa a ƙasar nan. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi rantsuwa da dawakai a Suratul Adiyati, kuma duk wanda ya tsaya ƙofar fada a Birni ranar hawan salla ya san abin da sirdi da linzami suke yi wa zuciyar Badamagare. Sai dai salla biyu ce a shekara, doki kuwa kullum yake ci. Shekarar farko mun kawo namu birni, muka kafa masa turke a jikin katanga. Ba a yi wata uku ba muka gane kurenmu. Dabbar da ke shan lita 30 ko fiye a yinin bazara, a garin da kowa ya san tarihinsa da ƙishirwa, ta mayar da mu manyan abokan cinikin ƴan garuwa. Ga ƙuda, ga wari, ga maƙwabta waɗanda kunya ta hana su magana, amma fuskokinsu ba su ɓoye ba. Shi kansa dokin, da ya saba da fili, sai ya kama harbi da cizon ragama.

Muka mayar da shi ƙauye hannun ɗan baffanmu, muka ce mun huta. A nan ne muka yi laifin da ya fi girma. Gaisuwa muke aikawa ta waya, ba ma aika harawa. Da muka je a tsakiyar bazara, mun tarar ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Ɗan'uwanmu bai ci amana ba. Yana da shanun noma biyu da iyali mai yawa, ciyawa ta ƙare a daji, kuma ya ji nauyin ya ce wa ɗan liman ya biya kuɗin dusa. Ga shi kuwa mun karanta a Muhtasar na Shehu Halilu cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa sayarwa. Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗora zakka a kan dokin hawa ba, amma ba ta ɗauke wa kowa abincinsa ba.

Tun daga nan muka sauya tsari. Doki yana cin kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana, wato kimanin kilo shida ga mai kilo 300. Harawar wake da ta gyaɗa a kaka ake sayensu, lokacin da suke da araha, a jibge su kan rumfa. Wanda ya jira watan Afrilu zai saya da kuka. Muna kuma gargaɗin masu wata ɗabi'a da ta yaɗu: a bar doki da yunwa wata goma, sai saura mako guda salla a dinga ɗura masa gero domin ya yi sheƙi. Cikin doki ba ya ɗaukar sauyin abinci farat ɗaya, kuma ciwon cikin da hakan ke jawowa yana iya kashe shi a dare guda.

Kare kuma tafiyarsa ta bi akasin wannan hanya, domin shi daga ƙauye yake shigowa birni. Gidajen sababbin unguwanni na bayan gari, waɗanda maigida ke barin iyali ya yi tafiya, da yawansu sun ajiye kare saboda ɓarayi, kuma ana yawan tambayarmu hukuncinsa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata, in ba karen farauta ba ne, ko na kiwo, ko na gona. Gadin gida bai zo cikin lafazin ba, amma malamai da dama sun yi ƙiyasinsa a kan waɗannan ukun idan akwai bukata ta gaskiya. Masu sharhin Risala suna kawo labarin marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira: katangarsa ta faɗi, ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya ga zamaninsu, da zaki zai ɗaure. Haka nan a wurin Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bauta ce da aka umurce mu da ita. Shafi'iyya sun saɓa masa a nan, kuma ba ma ganin dalilin da zai sa maƙwabta su daina gaisawa a kan saɓanin da ya girme su da shekara dubu. Wurin karen gadi dai tsakar gida ne ko bakin ƙofa, ba ɗakin kwana da salla ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ba a cika tambayarsa ba. Muna jayayya a kan yawun kare da alwala, muna mantawa da abin da yawun ke iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukar kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizo ko yakushin kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Cutar kan ɓoye wata biyu ko uku a jiki, in alamunta suka bayyana da wuya a tsira. Alhali rigakafinta yana hannun mutane tun 1885, lokacin da Luwi Fasto na Faransa ya gwada shi a kan wani yaro da kare ya ciza, yaron ya rayu.

Saboda haka, iyaye mata musamman, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, a nufi asibiti a ranar, ko da raunin bai kai a ce komai ba. Tofi da addu'a suna da matsayinsu, a yi su a kan hanya. Kada a ce karen gida ne, mun san halinsa. Karen da ake saki da dare yana cuɗanya da na juji, kuma doki ma yana kamuwa in mahaukacin kare ya cije shi. Wanda ya ajiye kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ya adana takardar, ya koma a lokacin da aka ce masa. Yaran unguwa kuma a hana su jifar karnuka, domin addinin da ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa bai bar mana ƙofar wannan wasa ba.

Namu karen yana nan ƙauye bakin rumbu, an yi masa allura a ranar da likita ya zo duba dokin. Aharas ya murmure. Bara ɗan baffanmu ne ya hau shi ranar salla, mu muka tsaya cikin ƴan kallo, domin shi ne ya yi masa ɗawainiyar shekara.