Filin Kimiyya: Sakan Biyu Da Kyamara Ba Ta Gani Ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tace fim ya san wata damuwa da ta daɗe tana ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya. Sau da yawa mai ɗaukar hoto yakan tsayar da kyamara tun ɗan wasa bai gama juya kai ba, sai an zo haɗawa a tarar hoton ya gaza. A da akan yi ɗaya daga cikin magunguna kamar waɗannan biyu: ko a rage gudun hoton, ko kuwa a sake tara 'yan wasa a koma wurin ɗauka, a yi ɓarnar kuɗi.

To, kamfanin Adobe na ƙasar Amurka ya fito da dabara ta uku, wadda ya raɗa wa suna Generative Extend. Ya sa ta cikin manhajarsa ta tace fim, watau Premiere Pro, don gwaji a watan Oktoba na 2024, sa'an nan ya sake ta ga kowa a watan Afrilu na 2025. Mai aiki zai ja bakin yankin da ya gaza, sai a aika da shi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin. Can wata ƙirƙirarriyar basira mai suna Firefly za ta nazarci abin da aka ɗauka, ta ƙaga abin da take zaton shi ne zai biyo baya. Sa'ad da aka fito da ita, iyakar abin da take ƙarawa sakan 2 ne na hoto da sakan 10 na sauti, kamar kaɗawar iska ko zubar ruwan sama. Ba ta ƙara magana, ba ta ƙara kiɗa.

Ga mai shirya wasan kwaikwayo wannan sauƙi ne babba, domin ai labarin nasa ma ƙagagge ne. Amma labarun talabijin fa? Hotuna 25 ne ke wucewa cikin kowane sakan a talabijin na wannan ƙasa. Sakan biyu ke nan hotuna 50 waɗanda babu idon da ya ga aukuwarsu. In aka ɗauki mutum ya ɗaga hannu cikin taron rigima hoton ya yanke, na'ura ce za ta yanke hukuncin inda hannun ya sauka, alhali kuwa ba ta halarci wurin ba.

Gaskiya ne manhajar takan yi wa wurin da aka ƙara alama, a kuma iya liƙa wa fim ɗin bayanin asalinsa. Sai dai mai tacewa ne ke ganin alamar. Mai kallo a gida ba ya ganin kome, bayanin kuwa yakan salwanta in hoto ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Ga shi kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Nijeriya damar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta.

Saboda haka ya wajaba gidajen talabijin su hana ƙari cikin hoton labarai, su kuma adana ainihin abin da kyamara ta ɗauko, don a fito da shi ran da gardama ta tashi. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. In aka bar gani ya zama abin tuhuma, da me za a kori jita-jita?