Kafin Ka Ce Inbata Ya Ƙone, Ina Mitarka?

Rana tsaka a watan Afrilu, kwanon rufi ba ya taɓuwa don zafi, farantan sola na shan rana a bisansa, amma allon inbata yana nuna sifili a wajen da ya kamata ya nuna abin da ke shigowa. Batir sai sauka yake yi. Maigida ya kira wanda ya haɗa masa kayan, ya zo bayan la'asar da sukudireba ɗaya a aljihu, ya danna maɓalli, ya kashe ya kunna, ya girgiza kai. "Alhaji, allon ciki ya ƙone. Sai dai sabo." Bai auna komai ba. Ko mitar gwaji bai zo da ita ba. Wannan magana ta "ya ƙone" ita ce ta ishe ni, domin a lokuta da dama jahilci ne, wani lokacin ma cuta ce tsagwaronta.

Mutanenmu ba don gayu suka koma sola ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari talaka. A Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Tela da mai kemis da mai sayar da ƙanƙara suka kwashe ɗan abin da suka tara suka zuba a rufin gida. Da kasuwa ta buɗe haka, duk wanda ya taɓa ɗaura fanka sai ya wayi gari injiniyan sola.

To, ga abin da injiniyan bai gaya maka ba. Kowane inbata yana da iyakar ƙarfin wutar da yake karɓa daga faranti, ta ƙasa da ta sama, kuma a rubuce take a jikinsa. Da yawa daga cikin masu kilowat 5 da ke kasuwa suna aiki ne daga wajen bolt 120, ba sa jure abin da ya haura 450 ko 500. Farantin wat 550 yana ba da kusan bolt 42 idan yana aiki, kusan 50 idan ba a jan komai daga gare shi. Wani ya jera maka uku, ya samu 125, ya ce ai ya wuce 120, ya karɓi kuɗinsa. Abin da bai sani ba, waɗannan lambobi an auna su ne a ma'aunin zafi 25. A bazarar Kano ko Sakkwato gilashin faranti yana iya kai 65 zuwa 70, kuma zafi rage bolt yake yi, kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri. Sai 125 ɗin nan ta faɗo wajen 108. Inji ya kama ya saki, ya kama ya saki, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Lafiyarsa ƙalau. Faranti ɗaya aka yi masa rowa.

Akwai kuma mai zaƙewa, wanda zai jera goma a layi ɗaya ya kai 495, ya ce saura kaɗan 500, ba komai. Sai hunturu ya shigo. Da asubar Janairu a Jos ko Zariya sanyi yana ɗaga bolt, lissafin ya haura iyaka. In an yi sa'a inji ya rufe ƙofarsa ya nuna lambar gargaɗi. In ba a yi ba, a nan ne ake ƙonewar gaske, kuma wanda ya yi jerin shi ya ƙona, ko da zai rantse da cewa kayan China ne ba su da ƙarko.

Wani lokacin ma babu matsalar komai. Gidan da ba ya tura wuta zuwa layin NEPA, idan batir ya cika, inji yana ɗaukar abin da gidan ke ci ne kawai, sauran ya bar shi a rufi. Batirin litiyam kuma yana da na'urar tsaro a cikinsa, wadda ke yanke caji idan ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa ta riga sauran cika ko zafi ya yi yawa. Sai ka ga caji ya tsaya cak, a ɗora wa inbata laifi. Haka saiti: akwai wurin da ake zaɓar wa inji wanda zai fara caji da shi, rana ko wutar layi, da yawan cajin da zai bari ya shiga. Yaro ya taɓa, ko injin ya koma yadda ya fito daga kamfani, shi ke nan. Gyaran minti biyu ne, amma a kansa ake sa mutum ya sayar da rago.

Sauran abin yana kan hanyar waya, kuma a nan ne ha'incin ya fi muni. Hau rufin ka duba 'yan mahaɗan roba baƙaƙe da ke bayan faranti. Za ka tarar da wanda aka matse da filaya maimakon abin matsinsa, ya yi zafi ya narke, ƙarfen ciki ya koma kore. Za ka ga waya mai fentin jan ƙarfe, cikinta alminiyam. Za ka ga inda ɓera ya ci, an naɗe da salatif. A ƙasa kuma bireka irin na wutar gida aka saka wa layin sola, alhali wutar faranti ba ta juyawa gaba da baya kamar ta NEPA, tartsatsinta in ya kama ba ya mutuwa da kansa. Irin wannan bireka kan gasa cikinsa, hannunsa na sama kamar yana aiki, wuta ba ta wucewa. Abin kare tsawa kuwa, sai damina ta yi ɓarna ake tunawa da shi. (Kada wani ya karanta wannan ya je ya fizge mahaɗi da rana tsaka. Bolt 400 kisa yake yi.)

Duk wannan mita ɗaya ke rarrabe shi. A kashe, a cire wayoyin faranti daga inji, a auna. Sifili ya fito, matsalar tana sama ko a bireka. Lambar da ake tsammani ta fito, sai a duba ko an juya kan waya, a duba saiti da batir. Sai an gama da waɗannan kaf mutum yake da bakin cewa allo ya ƙone. Likitan da ya yanke maka ƙafa bai auna ka ba kotu za ka kai shi, amma wannan har kuɗin mota muke ba shi.

Mu ma masu saye da namu. Mai lissafi ya ce faranti huɗu da bireka na gaske, sai mu ce ya cika tsada, mu tafi wajen mai cewa "bar shi kawai, zai ɗauka." Hukumomi kuwa, NEMSA da doka ta ɗora wa tantance masu haɗa wuta da SON mai kula da ingancin kaya, ina son in ji magidanci nawa ne ya taɓa ganin takardar shaidar wanda ya hau masa rufi, kuma ta wace ƙofa wayar jabu ke shigowa har ta cika shaguna.

Ni dai daga yau duk wanda ya nemi shawarata, abin da zan ce masa ke nan: riƙe cikon kuɗin har sai mai haɗin ya rubuta maka a takarda faranti nawa ya jera, bolt nawa ya auna da safe da tsakar rana, da saitin da ya bari, ya sa hannu. Ranar da ya dawo yana cewa ya ƙone, ya nuna maka lambar a fuskar mita. In ya ce ya manta ta a gida, ya koma ya ɗauko, kuma kuɗin motar daga aljihunsa.